Hannuwan Matar Babban Gida

Ranar da Yonsil ta saka maɓallan rigarta da kanta, tun daga na wuya har na ƙasa, sai da ta zauna ta yi kuka. Mace mai shekara hamsin da biyu tana kuka a kan maɓalli. Wanda bai taɓa farkawa da yatsu kamar an cusa musu tsakuwa ba zai ce shagwaɓa ce. Shekara tara ciwon yana cin ta. Ya fara da farin ɓawo a gwiwar hannu da bayan kunne da tsakar ka, farce ya yi rami-rami, daga baya ya shige gaɓɓai, yatsu suka kumbura suka ƙi lanƙwasuwa. Ta sha ƙwayoyi iri-iri a banza. Sai a watan Afrilu Likita Ham ta wani asibiti a birnin Degu ta ɗora ta a kan wata allura, ɗaya duk sati biyu. Zuwa Satumba ga ta tana riƙe sandunan cin abinci kamar kowa.

A ƙarshen Oktoba likitar ta matsa yatsunta ɗaya bayan ɗaya, ta yi murmushi.

"Mama, wannan allurar ta karɓe ki. Ba kowa take yi wa haka ba, ki riƙe ta hannu bibbiyu. Ga guda shida, na wata uku. A firji za su zauna, amma kada su daskare. In suka daskare sau ɗaya sun mutu, ko da a ido kin ga lafiyarsu ƙalau."

Yonsil ta rungumo kwalin a cikin jakar sanyi, awa biyu a bas, ba ta ajiye shi a ƙasa ba har gida.

Gidan kuwa shi ne babban gidan dangin Pyon, inda allunan sunayen kakanni suke, kuma ita ce matar babban ɗa. Sau goma sha ɗaya a shekara ake shimfiɗa wa matattu teburi, hidimar da ake kira jesa, kuma duk abin da zai hau teburin nan sai ya bi ta hannunta. Mijinta Tegon, baban 'yarta Boram, yana da gonar tuffa. Surukinta, Dattijo Pyon, shekararsa tamanin da uku, kuma tun da aka haife shi ba a taɓa ce masa ya yi kuskure ba, shi ma bai taɓa zargin kansa da hakan ba.

Saura kwana uku jesar kakan kakansu, dattijon ya shigo kicin, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya buɗe firji ya tsaya yana kallon kwalin.

"Ke yarinya." Haka yake kiran ta shekara ashirin da bakwai. "Mene ne wannan?"

"Allurata ce, Baba."

"Maganin ƙurajen?"

"I, Baba."

"A nan za a sa kifin da kakanni za su ci. Kifin kakanni da maganin ƙuraje, kafaɗa da kafaɗa?"

"A rufe yake ruf, Baba. Likita ta ce nan ne wurinsa, in an canza masa wuri lalacewa yake."

"Likita ta ce." Ya maimaita kamar yana tauna ƙashi. Ya mayar da ƙofar ya fita.

Ta ɗauka magana ta wuce. Washegari ta tafi kasuwar gari sayo kifin teku mai ƙafa takwas da naman sa da magarya da busasshiyar kanya. Kafin ta dawo, Gwaggo, ƙanwar dattijon, ta iso ta cika firji maƙil da tire-tire. Yonsil ta leƙa, ba ta ga kwalin ba. Ta nufi mijinta.

"Baban Boram, ina allurata?"

"Tana ciki mana, can baya," in ji Tegon, yana ɗaure igiyar takalmi. "Kada ki birkita shirin Gwaggo, kin san bakinta."

Kwana biyu ba ta samu ko zama ba, daga suya sai yanka sai jere. Da aka gama, baƙi suka watse, ta tarar da kwalin a mazauninsa. Sai dai takardarsa ta yi laushi, ta tattare kamar wadda ruwa ya taɓa ta bushe.

"Me ya jiƙa wannan?"

"Ruwan kifi ne ya ɗiga. Ke komai sai kin yi masa shari'a?"

Ta ciro allura ɗaya ta ɗaga wa haske. Ruwan ciki garau, kamar kullum. Ta yi wa kanta a cinya, ta ci gaba da harkarta.

Da safe ciwon ya fara dawowa. Taurin yatsun da take tashi da shi, wanda ya riga ya koma na minti goma, ya zama na rabin awa, ya zama na awa guda. Ta ce wa ranta gajiyar jesa ce. Ta yi allura ta biyu. Farin ɓawo ya sake ɓullowa a bayan kunne.

A haka ranar haɗa kimcin shekara ta same ta, wato kabejin da ake cuɗawa da gishiri da yaji a adana, a yi ta ci da abinci. Kabeji ɗari biyu da tamanin aka jibge a tsakar gida, domin babban gida shi ke ciyar da ƙannen miji da 'ya'yansu da ke birni, waɗanda ba su zuwa sai da robobin ɗauka. Tun sassafe ruwan gishiri ya yi sanyin da ke ratsa safar roba kamar babu ita. A tsaga kabeji, a tsoma, a juya, a ɗauraye sau uku, a bi kowane ganye a shafa masa yaji. Wajen azahar yatsanta na tsakiya ya kumbura har ya cika safar, ta kasa cire ta.

"Gwaggo, don girmanki bari in ɗan sa hannuna a ruwan ɗumi."

"Oho, an fara," in ji Gwaggo, tana zaune a kan kujera da bargo a cinya, aikinta ɗanɗano. "Ba ke ce kika yi ta yi mana rawa da yatsu a bikin kaka ba, wai kin warke? Allurar taki ta san ranar aiki ke nan. Kuma ja ɗankwalin nan ki rufe kunne, kada garin jikinki ya zuba mana a kimci."

Matan maƙwabta biyu da suka zo taya aiki suka sunkuyar da kai. Yonsil ta ja ɗankwalin da bayan hannu. Ta ci gaba da aiki har aka cika randa ta ƙarshe. Da yamma sai da aka yanka safar da almakashi.

Daga nan kullum sai abin ya ƙara gaba. Kan famfo ya gagare ta, ta koma buɗe shi da gwiwar hannu. Ta daina taje kai. Zoben aurenta ya nutse cikin nama har yatsan ya yi baƙi, Tegon ya kai ta wurin maƙerin zinariya aka datse shi, a hanyar dawowa yana ta mitar cewa zoben mahaifiyarsa ne. Akwai abin da ba ta iya faɗa wa kowa: ko tsarkin jikinta a banɗaki sai ta yi dabara, wani lokaci ta fito tana kuka don kunyar kanta. Amma duk sati biyu takan ciro allura daga kwalin nan, ta danna ta a cinya da tafin hannu biyu, tana yi mata magana kamar mutum.

"Me na yi miki? Ai kin karɓe ni. Ki dawo mana."

Kowa a gidan yana da bayaninsa. Tegon ya ce sanyi ne, bana sanyin ya yi yawa, in rana ta dawo za ta ware. Gwaggo ta ce zuciya ce, macen da ba ta ɗauki hidimar kakanni da zuciya ɗaya ba dole jikinta ya nuna. Dattijo ya ce marigayiya matarsa ta yi shekara arba'in da ɗaya tana wannan aikin, ba ta taɓa sanin wata allura ba. Bai faɗi yadda hannuwanta suka ƙare ba, ba a kuma tambaye shi ba. Ya sa aka kawo romon baƙar akuya a ƙananan leda, kwali guda, ya tsaya a kanta sai ta shanye safe da yamma. Wannan shi ne tausayinsa, kuma har ga zuciyarsa yana ganin ya yi ƙoƙari.

Ta roƙi Tegon ya kai ta Degu kafin ranarta ta zo.

"Jesa biyu ne a gabanmu a watan nan, ga sabuwar shekara. Ki ƙarasa alluran tukuna. Likita ai cewa za ta yi ki ƙarasa."

Duk lokacin da 'yarsu Boram ta bugo waya daga Seoul, babban birnin ƙasar, Yonsil takan ce lafiya lau, ɗan sanyi ne kawai. Yarinyar ta samu aiki da ƙyar, ba ta son ɗaga mata hankali.

Sai a ƙarshen Janairu suka shiga ofishin Likita Ham. Likitar ta ga hannuwan, murmushin ya ɓace. Ta ƙirga gaɓɓan da suka kumbura, goma sha huɗu. Ta duba sakamakon jini, ta sake dubawa.

"Mama, kin tsallake ko ɗaya?"

"Ko ɗaya, likita. Ina rubutawa a kalanda."

"A firji suke? Ba su taɓa kwana a waje ba, ba su taɓa daskarewa ba?"

Yonsil ta buɗe baki, Tegon ya riga ta.

"Ba su taɓa motsawa daga wurinsu ba, likita. Ni da kaina nake lura."

Likitar ta yi ajiyar zuciya.

"To, yakan faru. Wani jikin yakan saba da maganin, ya fara yaƙarsa, sai ya daina aiki. Na so a ce ba ke ba ce. Zan rubuta cewa ta daina yi miki, mu koma wani. Akwai ƙwayoyi na sha, sai mun ba su wata uku kafin mu san inda suka dosa."

"Su ba sai an sa a firji ba?" in ji Tegon da sauri.

"Ba sai an sa ba."

"Madalla. Su za a ba ta."

Yonsil ta ji kamar an yi mata rasuwa. Abu ɗaya da ya taɓa tsaya mata a shekara tara, shi ma ya juya mata baya, kuma an ce jikinta ne ya kore shi. Duk hanyar gida tana kallon hannuwanta a cinya da tsana, kamar su ne suka ci amanarta.

Ƙwayoyin ba su karɓe ta ba. Sati na huɗu wasu ƙuraje masu ruwa suka fito mata a jere a haƙarƙari, zafi kamar an ɗora garwashi, aka ce ta dakatar da maganin har su warke. Sati uku babu komai a jikinta sai ciwo yana cin karensa babu babbaka. Yatsu uku na hannun dama suka fara karkacewa waje. Teburin sabuwar shekarar gargajiya, wadda ta faɗo a Fabrairu, da wuƙa ɗaure a hannu ta shirya shi, ta naɗe ƙotar da tsumma ta ɗaure da haƙori.

Wata safiya a watan Maris suna karin kumallo, cokali ya suɓuce mata, miya ta fantsama a teburin dattijo. Ta durƙusa tana gogewa da gefen hannu tana ba da haƙuri. Ranar ya tashi da fara'a, bai yi faɗa ba.

"Bar shi, yarinya. Ki dai riƙa shan romon nan. Ni na ji daɗi da aka rabu da allurar can. Wane irin magani ne kwana biyu a firjin kimci sai ya zama dutse? Abin da bai iya jure sanyi ba, shi zai warkar da mutum?"

Hannunta ya tsaya a kan teburin.

"Firjin kimci, Baba?"

"Na ɗakin ajiya mana. Ni na kai shi da hannuna ranar da kika je kasuwa, na sa shi tare da naman. Shi wannan ya je ya tarar ya ƙanƙare, ya zo yana ta rawar jiki, ya jiƙa shi a ruwan ɗumi." Ya nuna Tegon da sandunan cin abinci yana dariya. "Ai ya narke tsaf, ko ba haka ba?"

Firjin kimcin nan Yonsil ta san shi kamar tafin hannunta. Duk jesa akan murɗa shi zuwa sanyin nama, har kifi yakan fito a sandare. Ta juya ta kalli mijinta. Tegon ya kafa wa kwanon shinkafarsa ido, kunnuwansa sun yi ja.

Ta bi shi har bakin mota.

"Ka sani."

"Ki rage murya."

"Wata uku ina soka wa kaina ruwan banza, kana kallo. Kana kallo aka datse zobe. Likita ta tambaya, ka ce kai kake lura."

"To me kike so in ce? In ce mahaifina ne ya lalata? A gaban wata yarinyar likita? Ni ban san zai mutu gaba ɗaya ba, na ga ya narke garau, na ce ƙila ba komai. Da na ga kina ta ƙara lalacewa kuma, ta ina zan fara? Baba ba da mugunta ya yi ba, kin sani."

"Da ka faɗa mini ranar, da na koma an ba ni wasu."

"Da kin tayar da gidan nan ana tsaka da hidimar jesa." Ya shiga mota. "Abin ya riga ya wuce, Maman Boram. Ki yi haƙuri."

Ba ta jira kowa ya kai ta ba. Washegari ta rataya jaka a wuya ta hau bas, direba ne ya ciro mata katin biyan kuɗin mota daga aljihunta. Likita Ham ta saurare ta har ƙarshe ba ta katse ta ba, sannan ta cire tabarau ta dafe goshi. Ta sa aka ɗauki hoton hannuwan, ta kunna shi a allo.

"Ba zan ɓoye miki ba, Mama. Kin ga nan, da nan, da nan? Ƙashin ya cinye, gaɓar ta tafi. Waɗannan ukun babu maganin da zai miƙar da su. Sauran bakwai ɗin su nake so mu ceta, kuma allurarki ta farko ita ce na fi sa rai da ita, tunda ashe ba ta taɓa gaza ki ba."

"To a ba ni yau, likita. Na roƙe ki."

"Da a hannuna take da na ba ki. Na riga na rubuta cewa ta daina aiki, takarda ta tafi wurin masu inshora, kuma ba su mayar da mutum kan abin da aka ce ya gaza da baki kawai. Zan rubuta cewa kuskure ne. Amma maganar da ke cikin fayil ta mijinki ce, shi ya ce ba ta motsa ba. In ya rubuta gaskiyar abin da ya faru ya buga hatiminsa, abin zai yi sauri. In babu, sai a yi ta aike-aike, zai iya cin watanni." Ta miƙo takarda, sannan ta tuna halin hannuwan Yonsil, ta ninke ta da kanta ta sa mata a jaka. "Watannin nan ba ki da su, Mama."

A gona ta same shi, a kan tsani, yana sassabe rassan tuffa. Ta tsaya a ƙasa ta ɗaga masa takardar tsakanin tafukanta biyu.

"Layi uku ne, Baban Boram. Ka rubuta, ka buga hatimi. Ba sai ka sa sunan Baba ba, ka ce kai ne."

"In ce ni ne, kuma in ce na yi wa likita ƙarya? A rubuce, da hatimina, ya zauna a ofishin gwamnati har abada? Ɗan Kawu Sangol a ofishin inshorar nan yake aiki. Kafin sati duk dangi sun ji."

"Yatsu bakwai suka rage mini."

"Na ji. Bari babban taro ya wuce. Saura sati uku, mutum tamanin za su zo, Baba ba ya ko barci don tunani. In an watse sai mu zauna mu duba."

Ta durƙusa a kan ƙasar gonar mai sanyi. Tun ranar aurensu ba ta taɓa durƙusa masa ba.

"Ban taɓa roƙonka komai ba. Ban ce ka raba ni da aikin gidanku ba. Hannun da zan wanke jikina da shi nake roƙo."

Ya kalle ta daga saman tsani, idonsa ya kawo ruwa, don ba dutse ba ne. Sannan ya juya ya kama wani reshe.

"Tashi, mutane na wucewa."

Irin su Tegon sun fi mugu wuyar sha'ani. Mugu ka san inda ya tsaya. Shi kuwa yana jin tausayinka har ya yi hawaye, ya kuma bar ka a inda kake, ya kwana yana ganin kansa ɗa nagari.

Babban taron dangi na bazara da rana ake yin sa, a zauren kakanni. Saura kwana huɗu kowa ya gane Yonsil ba za ta iya ko fasa ƙwai ba, yatsa na huɗu ya bi sahun 'yan uwansa. Gwaggo ta ce ita bayanta ba zai ɗauka ba. Sai Tegon ya ɗauki waya ya kira wani shago a gari da ke shirya abincin jesa. Minti goma bai cika ba aka gama magana. Da sassafen ranar mota ta shigo ta ƙofar baya, aka sauke komai a dafe, a yanke, a jere, har da miya. Yonsil tana tsaye a bakin kicin tana kallo. Shekara ashirin da bakwai ana ce mata kakanni ba su cin abin da bai fito daga hannun matar babban gida ba. Ashe lambar waya ce kawai.

Dattijo ya kira ta kafin baƙi su iso.

"A ƙone kwalayen shagon nan. Ke kuma ki sa rigar bikin mai dogon hannu, ki haɗe hannuwanki a ciki. Ki gaishe da mutane, kada ki miƙa wa kowa komai."

Aka yi hidima lafiya. Maza da fararen riguna suka yi ta sunkuyo suna tashi, aka zuba giya, aka karanta sunaye. Kakanni ba su yi ƙorafin komai ba. Bayan nan aka zauna cin abincin teburin, Yonsil tana tsaye a gefe, hannuwa a ɓoye. Kawu Sangol, wanda ke bin dattijo a shekaru, ya ɗanɗana wainar kifi ya lumshe ido.

"Kai! Yaya, ka yi dace da suruka. Duk lardin nan babu hannu irin na matar gidan nan. Ana ci an san hannunta ne."

"Tana ƙoƙari," in ji Dattijo Pyon, yana shafa gemu.

Yonsil ba ta shirya komai ba. Ta dai ji ƙafafunta sun kai ta gaban teburin manya. Ta durƙusa, ta zaro hannuwan daga cikin riga, ta ɗora su a kan teburin, tsakanin kwanon kifi mai ƙafa takwas da na kanya. Yatsu huɗu a karkace kamar saiwar citta, sauran a kumbure, farce a farfashe, farin ɓawo har wuyan hannu.

"Ga hannun, Kawu. Bai taɓa abincin nan ba, daga shago yake."

Ta faɗi komai, ba ta ɗaga murya ba: firjin kimci, ruwan ɗumi, abin da aka gaya wa likita. Ta ce akwai takarda a ƙirjinta da ke jiran layi uku da hatimi, ta kuma roƙi manyan dangi su sa baki, tunda ita ta yi musu hidima iyakar ƙarfinta.

Kawu Sangol ya kawar da kai ya kalli bango. Wani ya yi tari. Tegon ya yi fari fat, bai motsa ba. Gwaggo ce ta fara magana daga ɓangaren mata, ƙasa-ƙasa amma kowa ya ji.

"Ciwon ya taɓa mata kai."

Dattijo Pyon ya ɗauki cokalinsa a hankali.

"Maganar cikin gida ce. Ku ci abinci, miya tana hucewa."

Suka ci kuwa. Mutum tamanin, da yawansu a hannunta suka ci kimcin da ya raine su, suka sunkuyar da kai suka ci gaba da ci, kowa yana kaffa-kaffa kada idonsa ya faɗa kan teburin manya. Yonsil ta jira har ta tabbata babu mai cewa komai. Sannan ta dafa da gwiwar hannu ta miƙe, ta ratsa tsakar gida da rigar bikin a jikinta, ta ture sakatar ƙofa da kafaɗa, ta nufi tashar bas.

Takardar ba ta taɓa ganin hatimi ba. Boram ce ta yi ta zirga-zirga tsakanin Seoul da Degu, tana rubuta wasiƙu tana kuka da faɗa, likita tana turawa ana dawo da tambaya. Sai a watan Agusta aka yarda a mayar da Yonsil kan allurarta. Allurar kuwa ta karɓe ta kamar da, cikin sati shida fata ta washe, kumburi ya sauka, jini ya yi kyau. A fayil an rubuta cewa magani ya yi aiki sosai. Abin da fayil bai da gurbinsa shi ne cewa a watannin jiran nan yatsa na biyar da na shida sun tafi. Huɗu suka rage mata, uku a hagu, babban yatsa a dama. Da cokali mai kaurin ƙota take cin abinci a gidan 'yarta da ke Seoul, mai ɗaki ɗaya a hawa na tara.

A tsakiyar Satumba waya ta yi ƙara da rana, Boram tana wurin aiki. Yonsil ta danna da babban yatsa, ta tallabo wayar tsakanin wuyan hannuwanta biyu ta kai kunne. Tegon ne. Muryarsa a sanyaye.

"Maman Boram, na ji an ce allurar ta sake karɓar ki. Na yi murna, na rantse na yi murna. Na sayo ƙaramin firji, naki ke kaɗai, babu mai taɓawa." Sannan ya ƙara: "Bikin kaka saura sati biyu. Baba ya ce abincin shagon nan gishiri ya yi masa yawa. Yana tambaya yaushe za ki dawo."